Dakashi da Lafiyar Cikin Jariri: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A Gangara da sauran ƙauyukan ƙasar Sabon Birni da Isa, kamar yadda yake a wurare da yawa na ƙasar Hausa, akwai gidajen da in mace ta haihu sai a tatse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne. Kafin nono ya kawo sosai sai a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko madarar akuya. Lalle wannan hasara ce babba, ga kuwa dalili.

A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, wasu masu amfani, wasu masu cuta. A shekarar 1899 wani likita a Faransa, Henri Tissier, ya gano wani iri mai amfani wanda ya yi yawa a bayan gidan jarirai masu shan nonon uwa. Daga baya masana suka gane abin da ke ciyar da shi, watau wasu irin sukari da ke cikin nonon, waɗanda yawansu ya wuce iri 100. Abin mamaki, jariri da kansa ba ya narkar da su. Sukan wuce har babban hanji, ƙwayoyin nan masu amfani su ci, su yaɗu, su sa wurin ya yi tsami, har masu kawo zawo su rasa mazauni. Wasu ƙwayoyin cuta ma sukan manne wa sukarin maimakon jikin hanji, su fita tare da kashi. A 1995 aka laƙaba wa irin wannan abinci suna firibayotik.

Dakashi ya fi nonon da ke biyo bayansa yawan wannan sukari, madarar shanu da ta akuya kuwa ɗan kaɗan gare su. Ruwan rijiya da na fadama, balle da damina, ba su da shi sam, sau da yawa ma su ne masu kai cuta ciki.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa, a ba shi nono zalla, ko ruwa babu, har wata 6. Daga nan a fara kunun gero da ƙuli-ƙuli ko dafaffen wake da aka murje, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Ana roƙon hakimai su tara dagatai da masu unguwa, malamin hakimi ya karanta masu wannan takarda. Su kuma su isar ga ungozomai da kakanni mata, domin a ɗakin mai jego maganarsu ake bi. Jaririn da zawo ya kama kada a hana shi nono, a hanzarta kai shi asibiti mafi kusa.