Darasi Daga Kafarnahum, Ƙauyen Masunta

Karanta Luka 5:1-11 da Markus 1:16-20.

Kafarnahum tana bakin Tekun Galili ta arewa, a ƙasar Isra'ila. Ko da yake ana kiransa teku, babban tafki ne mai ruwan daɗi, tsawonsa wajen kilomita 21. Har yau ana kama karfasa a cikinsa.

Wanda ya ziyarci wurin zai tarar da kangayen gidaje na baƙin dutse. Ɗakunan ƙanana ne, suna kewaye da tsakar gida ɗaya inda iyalai suke girki da aiki tare. Rufinsu na itace ne da laka, kamar soro, shi ya sa mutane huɗun nan suka iya buɗe rufi suka zura shanyayye a gaban Yesu (Markus 2:1-12). A 1968 masu tonon tarihi suka soma bincike a kangon da ake ɗauka gidan Bitrus ne, a 1990 kuma aka gina majami'a a bisansa.

A 1986 fari ya sa ruwan tafkin ya janye. Sai waɗansu 'yan'uwa biyu masunta suka ga wani tsohon jirgi cikin taɓo kusa da Ginosar, kudu da Kafarnahum. Jirgin masunta ne na wajen zamanin Yesu, tsawonsa ya ɗan wuce mita 8. Da masana suka duba shi, sai suka ga an haɗa shi da itatuwa iri iri, waɗansu ma an ciro su daga tsofaffin jirage. An yi ta gyaransa shekara da shekaru kafin a bar shi.

Wannan ya yi daidai da abin da muka karanta. Yakubu da Yahaya suna gyaran taruna sa'ad da Yesu ya kira su. Su abokan aikin Bitrus ne, kuma da tarunsa ya soma kecewa saboda yawan kifi, abokan nan ya yafato. Jirgi yana da tsada, mutum ɗaya kuma ba ya iya jan babban taru. Idan jirgi ya lalace, gidaje da yawa za su kwana da yunwa.

Mu ma muna da kayan da muka dogara gare su tare: rijiyar burtsatse, injin niƙa, rumbun ikilisiya. Sau da yawa ƙaramin ƙarfe ne yake lalacewa, amma a bar famfo shekara guda a kulle, mata da yara su koma ɗiban ruwan rafi.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Waɗanne kaya ne na kowa da kowa a ƙauyenmu? Wanne ne ya lalace yanzu?
2. Wa ke da alhakin gyaransa? Akwai asusun gyara?
3. Wane matashi za mu tura ya koyi gyaran?

Kafin a tashi, a zaɓi abu ɗaya, a sa ranar gyara, a rufe da addu'a.