Darasi: Haƙƙin Yaron Talaka da Hanyar da Zai Kai Gare Shi

Iyaye mata da wakilan lafiya na garuruwa, kun san lokacin da tamowa ta fi kama yara: daga faɗuwar ruwan farko zuwa kaka, sa'ad da rumbu ya ƙare, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yawaita. Gidan da ba shi da gona ko dabba shi ne ke fara jigata. Wannan darasi zai bayyana abin da hukuma ta tanadar wa irin wannan gida, da abin da ke hana shi samu.

Abin da aka tanada

Na farko, magani kyauta. Bayan yunwar 2005, wadda ta fi tsananta a jihohin Maradi da Damagaram, gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 tun 2006, haka ma awon ciki da tsarin tazarar haihuwa. Fiɗar haihuwa ita ma kyauta ce. Gaskiya ne magani yakan yanke a wasu gidajen likita, amma yankewarsa ba ta soke haƙƙin yaro na a duba shi.

Na biyu, tallafin kuɗi. A 2011 aka buɗe shirin tallafa wa gidaje mafi talauci da taimakon Bankin Duniya. A kashin farko na shirin, kowane gida da aka zaɓa ya riƙa karɓar jika 10 na sefa duk wata har tsawon wata 24, kuma a hannun mace ake damƙa kuɗin, domin ita ke riƙe da tukunya. Kashi na biyu na shirin shi ne aka raɗa wa suna Wadata Talaka.

Na uku, jinyar tamowa. Yaron da ya rame ƙwarai amma yana iya ci, ana ba shi Plumpy'Nut a CRENAS, ya ci gaba da jinya a gida. Wanda ya daina ci ko wata cuta ta haɗu masa, ana kwantar da shi a CRENI. Ba a biyan ko dala.

Wa ake mantawa?

Sau da yawa wanda ya fi buƙata shi ne ba ya zuwa wurin rajista: matar da mijinta ya tafi cin rani, bazawara mai jin kunyar a ga halinta, Bafulatana ko Buzuwa da ke ruga nesa da gari, baƙuwar da rikici ya koro, da gidan da har yau ake yi wa gorin asali. Dokar ƙasa ta 2003 ta mayar da bauta babban laifi, sai dai jikokin waɗanda aka bautar da yawa sun tashi ba su gāji gona ba, kuma ba su saba buɗe baki a gaban taro ba. Igiyar awon damtse ba ta tambayar yaren uwa ko sunan kaka. Mu ma haka ya kamata mu auna.

Aikin wakilin lafiya

1. Ka zagaya gida gida, har rugage da tungayen gona. Kada ka tsaya ga waɗanda suka taru a ƙofar maigari.
2. Ka koya wa kowace uwa awon damtsen yaro daga wata 6 zuwa 59. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu: a tafi likita a ranar. Rawaya: a kai shi awo cikin gaggawa. Tsanwa: a ci gaba da awo a kai a kai.
3. Ranar tantance sunaye, ka ambaci gidajen da aka tsallake a gaban kwamiti.
4. Idan an nemi goro kafin a rubuta suna, ka kai maganar ga shugaban gidan likita ko kwamitin koke-koke.

Aikin uwa

Ki ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada ki ƙara. Daga nan ki inganta kununsa da garin wake, ƙuli-ƙuli, ganyen zogala ko ƙwai, kina ci gaba da shayarwa har shekara 2. Plumpy'Nut magani ne na yaron da aka rubuta wa: kowane ƙunshi da aka sayar ko aka raba wa yayyensa, kwanakin jinyarsa ne aka tsawaita. Idan kuɗin tallafi ya shigo, ki ware wani abu ki zuba a asusu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka samo asali a jihar Maradi a 1991, sun nuna yadda zubin mako ke zama akuya ko jarin sana'a kafin tallafi ya ƙare.

Tambayar tattaunawa

Wane gida ne a garinku ba a auna yaransa ba wannan wata, kuma wa zai je can gobe?