Idan Baba ya rikice bayan aikin firostet, kada ku ce magagin allura ne

Ni ma'aikacin jinya ne a ɗakin tiyata, ɗan Gwadangaji. Wata rana muna tsakiyar yi wa wani dattijo manomin shinkafa daga Argungu aikin firostet, ƙullutun nan na ƙasan mafitsara da ke toshe wa maza fitsari idan ya kumbura, sai na ga yana ta hamma yana mutsu-mutsu. Allurar baya aka yi masa, don haka idonsa biyu. Na ce, "Baba, yaya dai?" Ya ce, "Ɗana, kaina ke sarawa, kuma hazo-hazo nake gani." Na dubi na'ura, jini ya hau, bugun zuciya ya ragu. Nan take likita ya dakatar da aikin.

A irin wannan tiyata ba a yanka ciki. Ta hanyar fitsari ake zura na'ura a kankare ƙullutun, ana kwarara ruwa yana wanke jini domin likita ya riƙa gani. Idan ruwan marar gishiri ne, yakan kutsa ta jijiyoyin da aka buɗe ya tsinka jini, kamar miyar da aka cika wa ruwa. Sinadarin gishirin jini, wato sodiyom, yana tsakanin 135 da 145 a jikin mai lafiya. Idan ya faɗi ƙasa da 120, ƙwaƙwalwa na iya kumbura, sai jijjiga da suma, har a rasa rai.

Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Haɗarin ya fi yawa idan ƙullutun babba ne ko aikin ya haura awa guda, kuma sababbin na'urori masu aiki da ruwan gishiri sun rage shi ƙwarai. Baban namu an yi masa allurar fitar da fitsari da ƙarin ruwa mai gishiri sannu a hankali, domin ɗaga sodiyom da gaggawa shi ma yana lalata ƙwaƙwalwa. Da ƙafarsa ya koma gida.

Masu jinya, ku ne a bakin gado, kuma alamun na iya bayyana har awa 24 bayan aiki. Idan Baba ya fara amai, sambatu, ko ya daina gane ku, kada ku ɗora wa tsufa ko iska. Kada ku ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada ku ba shi gishiri. Ku kira ma'aikacin jinya nan take a auna jininsa.