Darasi Na 18: Kifi Mai Sulke

Kowa ya san tarwaɗa da ƙurungu. To, suna da dangi a wata ƙasa mai nisa da a ke kira Barazil, a Amurka ta Kudu. Yau za mu karanta labarin ɗaya daga cikinsu.

A Barazil akwai wani babban kogi, sunansa Shingu. Ruwansa yana zuba cikin Kogin Amazon. Kusa da garin Altamira kogin ya yi wani babban lanƙwasa. A nan duwatsu sun yi yawa, ruwa kuwa yana gudu da ƙarfi. Cikin waɗannan duwatsu kifin nan ya ke zaune. Ba a samunsa a wani kogi dabam a duniya.

Kifin ɗan ƙarami ne, tsawonsa kamar inci 3. Jikinsa zane-zane ne, fari da baƙi, kamar jakin dawa. Jikin tarwaɗa santsi gare shi. Shi kuwa wannan, bayansa da gefensa a rufe su ke da ƙananan ƙasusuwa masu faɗi, a jere kamar sulken mayaƙa. Bakinsa a ƙasa ya ke. Da shi ya ke manne wa dutse, don kada ruwa ya tafi da shi. Abincinsa ƙananan ƙwarin ruwa ne.

Ga yadda ya ke haihuwa. Namiji ya kan sami ɗan kogo a tsakanin duwatsu. Mace ta shiga ta zuba ƙwai, kamar 7 zuwa 15, sa'an nan ta fita. Namiji ne ke tsaron ƙwan. Yana kaɗa musu ruwa har su ƙyanƙyashe. Ku lura, tarwaɗa ɗaya ta kan zuba ƙwai dubbai. Ashe wannan kifi ba ya yaɗuwa da sauri.

A 1991 masana suka rubuta bayaninsa, suka ba shi suna. Mutanen ƙasashen waje suka ga kyansa, suka so su ajiye shi cikin akwatin gilashi a gidajensu. Kuɗinsa ya yi tsada. Masunta suka yi ta nutso suna kama shi, har ya ragu ƙwarai. A 2004 gwamnatin Barazil ta hana kama shi da fitar da shi waje. Duk da haka 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ba.

Sa'an nan wata wahala ta zo wadda ta fi ta farko. Aka gina babbar madatsar ruwa, mai suna Belo Monte, don samun wutar lantarki. Ta fara aiki a 2016. Aka karkatar da yawancin ruwan ta wata hanya. Ruwa ya ragu a lanƙwasan nan, tsawon fiye da mil 60. Inda ruwa ya janye, kogunan duwatsu su kan bushe. Masuntan wurin ma sun sha wuya, gama sauran kifaye sun ragu.

Yanzu akwai masu kiwon kifin nan cikin akwatin gilashi, yana haihuwa a can. Wannan yana rage kamun na kogi. Amma akwati ba kogi ba ne.

Abin da za mu riƙe shi ne: doka ta hana kamu tana da amfani, amma ba ta isa ba ita kaɗai. In ana so kifi ya wanzu, sai a bar masa ruwansa da wurin da ya ke zuba ƙwai.

Tambayoyi

1. A wane kogi a ke samun kifin nan?
2. Me ya sa a ke ce masa mai sulke?
3. Wa ke tsaron ƙwai?
4. Faɗi abu biyu da suka rage yawansa.
5. A kogi ko tafkin garinku, a ina kifi ya ke zuba ƙwai? Yaya za ku tsare wurin?