Unguwar Dagon a Birnin Yangon

Ƙasar Bama tana gabas da Indiya. Hausawa sun san sunanta, gama sojojin Afirka ta Yamma, da Hausawa masu yawa a cikinsu, sun yi yaƙi da Japan a dazuzzukanta a shekarar 1944 da 1945. Tun 1989 hukumar ƙasar ta sauya mata suna, a ke ce da ita Myanmar.

Birni mafi girma a ƙasar shi ne Yangon, wanda Turawa su ke kira Rangun. A cikinsa akwai wata unguwa, sunanta Dagon. Asalinta ƙaramin gari ne. A 1755 Sarki Alaungpaya ya ci garin, ya sa masa suna Yangon, wato ƙarshen husuma. Gari ya yi ta bunƙasa, amma tsohon sunan bai ɓace ba, ya zauna a kan wannan unguwa.

Abin da ya fi ban sha'awa a Dagon shi ne hasumiyar Shwedagon, wurin ibadar mabiya addinin Buddha. Tana bisa tudu, tsawonta ya fi ƙafa 300, an lulluɓe ta da zinariya. Da hantsi sai ta riƙa ƙyalli, a hango ta daga nesa. Matakala huɗu ne ke kai mutum gindinta, kuma ba mai hawa sai ya tuɓe takalmi.

A farfajiyar hasumiyar akwai wata ƙararrawa ta tagulla, nauyinta ya fi tan 20. Da Turawan Ingila suka kama Yangon a 1824, suka sauke ta don su kai Indiya. Ana cikin loda ta a jirgin ruwa sai ta suɓuce, ta nutse cikin kogi. Suka yi, suka yi, suka kasa tsamo ta. Sai mutanen gari suka roƙa a bar su su gwada, bisa sharaɗin in sun fid da ita, za a mayar da ita wurinta. Turawa suka yarda, don suna tsammani ba za su iya ba. Masu iyo suka yi ta nutso, suna ɗaura mata gorori. Da gororin suka yi yawa sai ƙararrawa ta taso sama. Har yau tana nan inda aka mayar da ita.

Kusa da hasumiyar akwai hubbaren Bahadur Shah, sarkin ƙarshe na daular Musulmi ta Mughal a Indiya. Bayan tawayen 1857 Turawa suka tuɓe shi, suka kai shi Yangon. Nan ya rasu a 1862, tsoho tukuf, nesa da gida. Aka binne shi ba da wata alama ba, sai a 1991 masu haƙa suka tarar da kabarinsa. Yanzu Musulmi suna zuwa ziyara.

Mutanen Dagon ba su da ƙarfin Turawa, amma sun ceto ƙararrawarsu da dabara da haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar Yangon?
2. Yaya aka tsamo ƙararrawa daga kogi?
3. Me ya kai Bahadur Shah Yangon?