Filin Shawara: Auren rufin asiri da abokin ƙuruciya

Gwaggo,

Ni 'yar Bosso ce, amma tun harin da aka kai garin a watan Yuni na 2016 muke zaune a Diffa. Mahaifina ya rasu bara. Baffana yana so ya ba da ni ga wani alhaji mai fataucin banda, mai mata uku, ni kuwa saura shekara 2 in gama Jami'ar Diffa. Akwai wani da muka tashi tare, makarantar allonmu ɗaya, yanzu yana sayar da tattasai. Ya ce mu yi auren rufin asiri: ɗakina daban, nasa daban, in na gama karatu ya sake ni. Na karanta irinsa a wani littafin soyayya da aka turo mana a WhatsApp, kuma daga baya suka so juna. In yarda?

Ɗiyarki, daga Diffa.

'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya kai haske kabarinsa.

Kada ki yarda, ba a kan wannan sharaɗi ba. Auren da aka yanka wa wa'adi, aka ce shekara kaza sai a rabu, shi ne mutu'a, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ɓatacce ne. Kin ga ke nan za a tara jama'a, a raba goro, a shafa fatiha a kan abin da ku biyu kuka san ba shi da tushe. Ki tambayi malamin da kika amince da shi, ba tare da kin ambaci suna ba, ki ji.

Littafin kuwa, ni ma ina karanta su tun zamanin da ake kawo su daga Kano a bugu, kuma ban daina ba. Amma marubuciyarki ta san shafin ƙarshe tun kafin ta fara na farko. Ba ta kuma nuna miki uwar miji. Taki za ta zo. Wata 6 da biki za ta fara duban cikinki, in ta ga shiru ta aiko da saiwa a ƙulle cikin leda, ta ce a jiƙa a sha da safe. Me za ki ce mata? Ga mahaifiyarki, wadda ta baro gado da kwanoni a Bosso, za ta sayar da akuyarta, ta ci bashi, ta yi miki kayan ɗaki, ta zauna tana haɗa miki turaren wuta da humra da hannunta, tana murna. Ranar da takardar saki ta fito, shi sunansa bai canja ba. Ke ce za ki koma bazawara, ki yi ta amsa tambayar me ya fito da ke.

Batun baffa ya fi sauƙi fiye da yadda kike tsoro. Ikon aurar da budurwa ba tare da izininta ba, a Malikiyya, na uba ne ko wanda uban ya yi wa wasiyya. In mahaifinki bai bar masa wasiyya ba, baffa waliyyi ne, amma ba ya ɗaura miki aure sai da yardarki. Kada ki tsaya gabansa kina ja-in-ja. Ki sami mahaifiyarki, ku je wurin kawunki, su tafi da limamin unguwa su same shi. Dattijo yakan sauko in 'yan uwansa dattawa suka yi masa magana cikin sirri, bai ji kunya a bainar jama'a ba.

Yanzu ga yaron. Mai tattasai a Diffa ya san zafin kuɗi. Ya ga lokacin da aka hana cinikin tattasai a 2015, buhuna suka yi ta zama a ɗaki har 2017, ya ga kogin Komadugu ya cika ya cinye gonaki a 2019 da 2022. Irin wannan mutum ya ce zai biya sadaki, ya kama haya mai ɗaki biyu, ya ciyar da ke shekara 2, duk don tausayi? Ruwa ba ya tsami banza. Zatona yana sonki ne tun tuni, kunyar wadda ta san shi yana yawo ba wando ta hana shi faɗa, sai ya ɓullo ta wannan hanya. In haka ne, za ki shiga gidansa kina ƙirga watanni, shi yana fatan ki manta da lissafi, kuma ɗayanku zai cutu. In kuwa da gaske tausayin ne kawai, ya biya miki kuɗin makaranta, ya fi masa arha.

Ki tura ƙawarki ko yayarki ta tambaye shi kai tsaye: aure yake so na zama, ko a'a? In ya ce na zama, ki sake rubuto mini, mu yi maganar ko ke kina sonsa, domin duk wasiƙarki ba ki taɓa wannan ba.

Gwaggonki.