Yadda Ake Haɗa Garin Kunun Yara Daga Abin da Ke Cikin Rumbu

Duk wanda ya zauna a Masama, ko a sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo, ya kuma sa ido ga al'amarin ƙananan yara, zai shaida cewa babu lokacin da ya fi tsanani ga yaro kamar wanda ke farawa daga ranar da nonon uwa ya daina wadatar da shi shi kaɗai, watau bayan cikar wata 6, har zuwa sa'ad da aka yaye shi ya shiga cin tuwo tare da yayyensa. A cikin wannan tsakani ne, musamman da damina kafin sabon gero ya nuna, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suka yawaita, za ka ga yaron da a dā yake ɓulɓul ya soma ramewa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fara'arsa ta ɗauke, har mutanen gida su shiga zargin iska ko sammu, alhali kuwa galibi illar daga cikin ƙwaryar kokonsa take. Gama kokon da aka tace, aka tsinka shi da ruwa har yana gudu a ludayi, cikin yaro kawai yake cikawa, ba ya gina masa jiki, kuma tumbin ɗan wata 8 ƙarami ne ƙwarai, idan ruwa ya riga ya cika shi babu sauran wurin abinci.

Kula da wannan al'amari amana ce, ba kuwa baƙon abu ba ne ga malamanmu. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara 2 ga wanda ya so cika shayarwa, ya kuma ɗora ciyar da mai shayarwa a wuyan uba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin Gwandu, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki gaba ɗaya, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi talifai da dama a fannin ɗibbu. Likitocin zamani sun zo sun ƙara bayanin sababi. A shekarar 1933 wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, da ke aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ta bayyana cutar kumburin da ke kama yaran da aka yaye a kan kunun masara zalla, ta kuma yi hasashen cewa rashin abinci mai gina jiki ne asalinta. A nan Jihar Kebbi kuma, tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar yara masu tamowa a Maiyama, ma'aikatan lafiya kuma suna koya wa iyaye mata haɗin garin da suke kira Tom Brown. To, shi wannan gari, idan aka duba, babu abin da ke cikinsa wanda ba a nomawa a gonakinmu ko sayarwa a kasuwanninmu.

Abu na farko shi ne a san mizani, domin shi ne ginshiƙin aikin duka. Ana auna gero ko dawa kashi 6, waken suya kashi 3, gyaɗa ɓararriya kashi 1, da kowane irin ma'auni aka ga dama, gwangwani ne ko mudu, muddin dai da abu ɗaya aka auna su duka. Hikimar wannan rabo ita ce, gero yana ba da ƙarfi da ƙarfen jini, amma abin gina jiki da ke cikinsa bai wuce kimanin kashi 11 cikin 100 ba, kuma shi ɗin ma yana da naƙasa ta wani sinadari da ake kira laisin, wanda jikin yaro ba ya iya ƙera shi da kansa. Waken suya kuwa fiye da sulusinsa abin gina jiki ne, yana kuma da yalwar wannan sinadari da gero ya rasa. Gyaɗa ita kuma kusan rabinta mai ne, shi ya sa ɗan kaɗan daga gare ta yake ƙara wa kunu ƙarfi ba tare da ya ƙara masa yawa ba. Wanda bai sami waken suya ba, farin wakenmu na gida yana iya tsayawa a madadinsa, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba.

Abu na biyu shi ne tsinta, kuma a nan ne ya kamata uwargida ta fi tsananta bincike, musamman ga gyaɗa. Sai ta baza ta a faifai da rana tsaka, ta fitar da duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi funfuna, ta zubar da su can, kada ta ba kaji, kada kuma ta ji ƙyashin asara. Dalili shi ne, funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi tana haifar da wani dafi mai suna afulatoksin, wanda aka gano bayan ya hallaka talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar abincinsu da aka haɗa da ƙuli-ƙulin gyaɗa. Wannan dafi yana ɓata hanta, yana tauye girman yaro, wuta kuma ba ta kashe shi, saboda haka babu dabara sai tsinta. Haka za a tsince waken, a rege geron a fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi.

Abu na uku shi ne jiƙo da wanki. Geron a yi masa surfe mai sauƙi, kada a matsa masa har ya yi fari tas, gama yawancin albarkarsa tana kusa da dusa. Sa'an nan a jiƙa shi ya kwana, da safe a zubar da ruwan, a ɗauraye. Fa'idar jiƙon ita ce yana rage wani sinadari da ke cikin hatsi wanda ke riƙe ƙarfen jini ya hana hanji tsotse shi. Waken suya shi ma a jiƙa shi ya kwana a mazubi dabam, a murje shi da tafin hannu har ɓawon ya saki ya taso a kwashe, sa'an nan a tafasa shi kimanin minti 20. Wannan tafasa wajibi ce, domin ɗanyen waken suya yana ɗauke da abin da ke hana ciki narkar da abinci, shi ne ke kawo kumburin ciki da zawo ga yaran da aka ba garin da ba a dafa wakensa sosai ba, har iyaye su ɗauka cewa waken ne bai karɓi ɗansu ba. Bayan haka a shanya kowanne a kan tabarma mai tsabta ko babban faranti, a bisa wani abu mai tudu inda awaki da kaji ba sa kaiwa, har ya bushe ƙayau, idan an ciza ƙwaya ta fashe da ƙara.

Abu na huɗu shi ne suya, kuma kowanne dabam ake soya shi, saboda ba lokaci ɗaya suke nuna ba. A ɗora kasko a kan wuta marar ƙarfi, ba tare da mai ba, a riƙa juyawa ba ƙaƙƙautawa. Gero kaɗan yake bukata, da zarar ƙamshinsa ya tashi sai a sauke. Wake ya fi jimawa, sai ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙarnin nan nasa ya gushe. Gyaɗa kuwa a soya ta kamar yadda ake yi wa ta ƙuli-ƙuli, a bari ta huce, a murje, a fece jan ɓawon. Duk abin da ya ƙone a fitar da shi, gama ɗacinsa zai sa yaro ya ƙi kunun, ƙunar kuma tana lalata amfanin abincin.

Abu na biyar shi ne niƙa da ajiya. Idan duk sun huce sai a haɗa su wuri ɗaya a kai inji, a roƙi mai injin ya share shi tukuna, don kada ragowar barkono ko jiƙaƙƙen ƙullu ya shiga ciki. Inda babu inji, turmi da taɓarya sun wadatar, sai dai a daka a tankaɗe da rariya mai laushi, a maimaita har tsakin ya ƙare. A baza garin ya sha iska, zafin inji ya fita, kafin a zuba shi a busasshen mazubi mai murfi, a ajiye inda babu danshi. Kada a yi mai yawa ƙwarai. Abin da zai ƙare cikin mako 2 ko 3 ya isa, domin man gyaɗa idan ya daɗe yana sauya ɗanɗano. A riƙa ɗiba da busasshen cokali.

Abu na shida shi ne damu, kuma a nan ne yawancin wahalar da aka sha take tabbata ko ta tafi a banza. Uwa ta wanke hannunta da sabulu, ta ɗebi gari cokali 3 manya, ta kwaɓa da ɗan ruwan sanyi mai tsabta har gudaji su mutu, sa'an nan ta zuba cikin ruwan da ke tafasa kimanin kofi 1, ta rage wuta, ta yi ta juyawa kamar minti 10 har ya dahu sarai. Alamar kunun da ya yi daidai ita ce, idan aka ɗebo shi aka karkata cokali, zai tsaya ya sauko a hankali, ba zai zube kamar ruwa ba. Idan yaro ƙarami ne har kaurin ya yi masa yawa, akwai dabarar da masu kunun zaƙi suka daɗe da sani: a jiƙa ɗan gero a rufe shi da danshi kwana 2 ko 3 har ya tsira, a shanya, a murje saiwoyin a zubar, a niƙa. Idan aka sauke kunu ya ɗan huce, aka barbaɗa rabin ƙaramin cokali na wannan garin tsiro aka juya, cikin 'yan mintoci zai saki ya yi ruwa-ruwa da kansa, alhali ƙarfinsa yana nan bai ragu ba. Sai a mayar da shi wuta ya sake tafasa sau ɗaya kafin a ba yaro.

Bayan an sauke ne ake ƙara abubuwan da ke cika masa daraja, gwargwadon abin da Allah ya hore. Ƙaramin cokali na manja yana kawo sinadarin bitamin A mai tsare ido daga dundumi. Garin zogale ma haka, da sharaɗin a inuwa aka shanya ganyen, domin rana tana cinye amfaninsa. Garin busasshen kifi, wanda ba ya wuya a jihar da ke da Argungu da Yawuri, idan an cire ƙaya an daka shi lilis, yana gina jini da ƙashi. Garin ɗiyan kuka da lemo suna taimakon jiki ya karɓi ƙarfen jinin da ke cikin gero. Sukari a taƙaita shi. Zuma kuwa, duk da falalarta da ba mai musu, kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, saboda takan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin jariri bai isa ya yaƙe ta ba.

Game da yawan ciyarwa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a yini, a fara da cokali 2 ko 3 ana ƙarawa sannu a hankali har ya kai rabin kofi; daga wata 9 zuwa 23 kuma sau 3 ko 4, tare da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar dafaffen dankali, ko ƙwai, ko gwanda. Nono kuma ba a fasa shi. A ba yaro da cokali a ƙwaryarsa ta kansa, cikin lallashi, a guji ɗure, domin toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu yana iya kai shi cikin huhu. Abin da ya rage ya wuce sa'a 2, babba ya shanye, a dama wa yaro sabo.

Sai dai lalle ne a san haddin wannan gari, gama abinci ne na rigakafi da farfaɗo da wanda ramarsa ba ta yi nisa ba. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da wani tsiri mai launi uku: idan ya gaza santimita 11.5, watau ya faɗa ja, ko aka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa gurbin ya zauna, ko ya ƙi cin komai, to, tamowa ce mai tsanani, kuma jinkiri a kanta ganganci ne. A kai shi asibiti a ranar, inda ake ba da madarar jinya da kuma haɗin gyaɗar nan na cikin leda da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, wanda ya ceci dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Wannan magani ne na majinyaci shi kaɗai, raba shi ga sauran yaran gida ko sayar da shi a kasuwa cin amana ne. Haka kuma kada a bari ɗigon bitamin A na kowane wata 6, da maganin tsutsar ciki, da allurar rigakafi su wuce yaro. Idan gudawa ta kama shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki, a ci gaba da ciyar da shi.

Magana ta ƙarshe ta magidanta ce. Da kaka, sa'ad da ake ɗaure dammunan gero, ana kai buhunan gyaɗa da wake kasuwa, shi ne lokacin da ya dace maigida ya ware rabon ƙaramin ɗansa tun kafin kuɗi su shiga hannu, gama abin da aka sayar da araha a watan Nuwamba da tsada ake sayo shi a watan Yuli. Mudu 6 na gero, da 3 na wake, da 1 na gyaɗa ba su fi ƙarfin mai gona ba, kuma suna cikin haƙƙin ciyarwa da shari'a ta ɗora masa. Allah ya raya mana zuriya cikin lafiya, ya ba iyaye ikon sauke wannan nauyi, amin.